Tiyon da Ya Ƙona Innata Har Yanzu Yana Jikin Tanki

Zuwa ga Alhaji, mai injin turara shinkafa na bakin garin Bagudo.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya.

Sunana Hauwa'u, ɗiyar Inna Kulu daga Geza. Inna ce take aiki a tanki na biyu. Sau biyu na zo ofishinka, da ka ɗago kai sai na ce gaisuwa ce kawai ta kawo ni. Shi ya sa na rubuta. Aji shida na gama, in da kuskure a yi haƙuri. Maƙwabciyarmu za ta sa wasiƙar a waya ko za ta iso gare ka.

Na farko. Ranar Larabar makon jiya da hantsi, tiyon da ke kai tururi daga tukunya zuwa tanki ya fashe. Inna tana durƙushe tana gyara buhun da ake rufe shinkafa da shi. Tururin ya same ta daga wuya har gwiwar hannun dama. Ina wurin shanyar shinkafa na ji ihunta. Da muka cire mata riga, fata ta biyo rigar. Yanzu ni nake ɗaura mata zane, ni nake ba ta kunu a baki.

Na biyu. Wannan tiyo ba na tururi ba ne. Baban Chidi, makanike ɗan kudu da ya zo duba tukunyar daga baya, shi ya ɗaga guntun tiyon ya nuna wa mata. Ya ce na ban-ruwa ne, irin wanda ake jona wa inji a fadama. Da tsohon tiyon ya lalace, an aiki direba kasuwar kan iyaka, aka ce ya sayo tiyo, shi kuwa ya sayo tiyo. A wurinmu sunan ɗaya ne, ko na ruwa ko na mene ne. Rubutun jikinsa da Faransanci yake, babu wanda ya iya karantawa. Ban ce direban mugu ne ba, har gida ya zo duba Inna ya kasa haɗa ido da ita. Baban Chidi ya ce na tururi mai kauri ne, da waya a saƙe a cikinsa, kuma da maɗaurin ƙarfe ake kama bakinsa.

Na uku. Tiyon bai fashe haka kawai ba. Ya yi kwanaki da kumbura kusa da baki kamar maruru, yana huci. Inna ta faɗa wa mai kula da ma'aikata. Ya yanko robar keke ya naɗe wurin, ya bi da waya ya ɗaure, yadda ake yi a fadama in tiyo yana yoyo. Mata har suna tsokana, wai an naɗa wa tiyo rawani, saura a ba shi gari. Inna ma ta yi dariya.

Na huɗu, kuma shi ne dalilin wasiƙar nan. Ba a jefar da tiyon ba. An yanke inda ya fashe, an sake jona sauran. Jiya mai kula ya aiko cewa in ba mu so a ba wata gurbin Inna, in zo ranar Asabar in tsaya mata. Babanmu ya rasu, ƙannena uku. Inna ta juya fuskarta bango. Ba ta ce in je ba, ba ta ce kada in je ba.

Ranka ya daɗe, ga roƙona. A cire wannan tiyo, a sa na tururi, wanda zai sayo ya tafi da Baban Chidi. In tiyo ya kumbura ko ya tsage, a rufe tururi a canza shi, a daina naɗa masa roba. In an tashi aiki a tsiyaye ruwan cikinsa, kada a bar shi a lanƙwashe a ƙasa ana takawa, domin Baban Chidi ya ce hakan ke cinye shi ta ciki. A faɗa wa mata inda ake rufe tururin. Ranar da ya fashe ba mu sani ba, muna ta gudu muna kiran maza.

Ba ni da wanda zai tsaya mini, kuma ban san ko za ka karanta ba. Ranar Asabar zan zo, ko an canza ko ba a canza ba. In ba zai yiwu kafin nan ba, don Allah a sa wani ya nuna mini gefen da zan riƙa durƙusawa.

Allah ya tsare ka da 'ya'yanka daga wuta ta duniya da ta lahira, ya sa albarka a injinka, ya ba Innata lafiya.

Wassalam.

Hauwa'u, ɗiyar Kulu,
Geza.