Memwar ɗin abokin mijina na cikin kwallata

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan gurup, ku ɗan matso kusa, maganar ba ta ɗaga murya ba ce. Admin ka rufa mini asiri ka cire sunana da lambata kafin ka saka, Allah ya rufa maka naka. Na san an saba turo vokal, ni ma da shi na saba, don karatuna bai wuce aji uku na lekol da ɗan yaƙi da jahilci ba, amma wannan karon da yatsa na rubuta, kwana uku ina yi ina gogewa, saboda yanzu ba abin da nake tsoro kamar a ji muryata. Don Allah ku ba ni shawara, lokaci ya ƙure mini.

Ni matar aure ce da 'ya'ya biyar, muna zaune a wani gari tsakanin Tasawa da Mayahi, ba zan faɗi sunansa ba. Ni ba mai fita ba ce, kuma ba kulle ni aka yi ba, haka Allah ya yi ni, sai in yi wata ban leƙa ƙofar gida ba in ba biki ko gaisuwar mutuwa ba. Amma gidana ba ya rabo da mutane, ga ni da surutu, ga ni da kunne, ko tari mutum ya yi a bayan danga na san ɗan gidan wa ne. To da yake kullum ana samuna a gida, sai na zama wurin ajiya. Mai makulli ya kawo, mai takardar gona ya kawo, mai irin wake da yake tsoron kada yunwa ta sa ya cinye shi ma ya kawo. Har tsokanata ake ana ce mini Rumbun Unguwa. Ban taɓa karɓar ko dala a kan wannan ba, kuma har bana ba a taɓa cewa wani abu ya yi ciwon kai a hannuna ba.

Bana damina ta ci amanarmu, gero ya fito ya tsaya iya gwiwa ya ƙone a tsaye, maza suka watse bida tun kafin kaka, wasu Agadas, wasu Najeriya, wasu sun yi gaba can. Tun da sojoji suka karɓi ƙasa kuma bincike ya yi yawa a hanya, an ce akwai shingen da ake karɓar wayar mutum a dudduba. Sai matafiya suka ɗauki wata al'ada, mai tafiya ya cire memwar ɗin wayarsa, ɗan katin nan da bai kai farce ba, ya kawo mini. In ya bari a gidansa yara su ɗauke su sa fim, ko matarsa ta ga abin da bai so ba. Ni kuwa a ganinsu ban san kan waya ba. Wani har a gabana yake cewa, “Ai Inna ko ta buɗe ba ta iya karantawa.” Sai in yi dariya. Kowane kati in naɗe shi a ƙyallen atamfa daban, in ƙulle, in jefa cikin ƙaramar kwalla. Yanzu haka goma sha tara ne a ciki, kuma na san mai kowane ƙyalle. Maigidana tun farko ya ce bai so wannan ajiyar ba, mun ɗan yi sa-in-sa a kai, ya ce abin da ba ka san cikinsa ba ba a kwana da shi a ɗaki, na ce to in kori mutane? Ya bar ni, amma da sharaɗin kada in kuskura in taɓa ko ɗaya.

Kafin in ci gaba sai kun san maganar Tela, haka zan kira shi. Wata huɗu da suka wuce masu kaki suka zo da mota suka tafi da shi daga bakin kekensa. Laifinsa, a fada wurin shan shayi ya ce hatsin rahusa da aka kawo don fari rabi ta ƙofar baya yake fita, ya kuma haɗa da wata magana a kan masu mulki. Ɗan uwansa da ya je ganinsa ya dawo ya ce a can muryarsa aka kunna masa, shi da bakinsa, aka ce tayar da hankalin jama'a ne. Har yau yana gidan kaso, ba a ma shiga shari'a ba. Matarsa kullum tana nan gidana da goyo, in na dama kunu mu sha tare. Gari ya yi ta zargin juna, fada ta mutu na wani lokaci, daga baya aka saki jiki aka koma, kun san maza da shayi.

Ga inda na yi laifi, ba zan ɓoye ba. Ina da 'yar rediyo mai cin memwar, da ita nake jin karatu in ina aiki. Ran Talata da ta wuce nawa katin ya mutu, sai ƙara yake kamar ana soya gyaɗa. Bayan azahar ne, gidan shiru, ina tsince wake, sai Shaiɗan ya ce mini ga kati goma sha tara a kwalla kina zaune. Na ce bari in ari ɗaya in ji karatu in mayar. Na zaɓi na aminin maigidana, zan kira shi Alhaji, saboda shi ne ba ya rabo da wa'azi a wayarsa. Tun suna yara suke tare, kwano ɗaya suke ci, shi ya raɗa wa ɗana na biyu suna. Yana cikin komiten da ke raba hatsin rahusa. Sati uku ke nan ya tafi Agadas da albasa, ranar tafiyar ya leƙo yana cewa, “Matarmu, ga ajiya, in ta ɓata ke zan ɗauke a madadinta.” Na ce, “Ka fara ƙoshi da taka tukuna, tsoho.” Haka muke da shi.

Na saka. Biyu na farko karatu ne. Na uku sai na ji ƙarar cokali a kofin shayi, da hayaniyar maza, da wani shuu shuu na shafar yadi, alamar wayar a aljihun gaba take. Sai muryar Tela, tar, yana faɗin maganar nan da ta kai shi inda yake. Wallahi waken da ke hannuna sai da ya zube. Kusa da wayar kuwa akwai numfashi mai ɗan fito a hanci, wanda ko a kabari na ji na san na Alhaji ne. Shi ba ya cewa komai, sai dai ya zuga, “To kai me ka gani?” “A'a, faɗi dai, ai mu ne.” Da aka tashi, sai takun tafiya, sai ya yi ƙasa da murya ya faɗi sunan Tela da na ubansa, ya ce ranar kasuwar Urafan aka yi maganar.

Da ina da hankali da na kashe a nan. Ban kashe ba. Na yi ta danna gaba, mutum bayan mutum, na ƙirga ashirin da uku, duk na san su, har da liman na ƙaramin masallaci, har da wani Bafulatani da ke kawo shanu kasuwa yana kukan an hana su burtali. Kowane a ƙarshe da sunansa da na ubansa. Sai na zo kan wanda na ji zakarana ya yi cara a ciki. A zaurenmu aka ɗauke shi. Maigidana ne yake faɗa a kan komiten, yana cewa a sake zaɓe, sai ya ce, “In yunwa ta kai mu bango sai mu je mu fasa magazar da ake ajiye hatsin mu kwashi haƙƙinmu, wanda zai harbe mu ya harbe.” A nan aka yanke. Ni kuwa na tuna ranar, don ni na kai musu fura. Yana gama faɗin haka ya tuntsire da dariya ya ce shi da ko kaza ba ya iya yankawa, kowa ya yi dariya har Alhajin. Babu dariyar a ciki. An cire ta, sai sunansa da na ubansa.

Ban san ko Alhaji ya riga ya kai wa masu kaki wannan ba. Zuciyata na ce mini bai kai ba, ajiye shi ya yi, kamar yadda ake ajiye iri sai ruwa ya sauka. Kuma maganar sake zaɓen komite an ce bayan dawowar matafiya za a yi ta.

Tun ranar abinci ba ya wuce mini. Maigida ya tambaye ni na ce zazzaɓi ne. Ba zan iya gaya masa ba, ba don tsoron faɗan na taɓa ajiya ba, wannan mai sauƙi ne. Mutum ne mai zuciya a kusa, in ya ji, ko takalmi ba zai sa ba zai fita tsakiyar gari ya yi ta shela, kuma abin da zai faɗa a ranar sai ya fi wanda ke cikin katin. Matar Tela kuma ta zo jiya tana cewa Allah ya saka wa Alhaji da alheri, kafin ya tafi ya aiko mata tiya biyu ta gero. Na tashi na shiga bayi na tsaya, ba don ina jin komai ba, don kada ta ga fuskata.

Na buga wa ƙanwata da ke aiki da ordinater, wato kwamfuta, a Tasawa, na ce wata ce ta tambaye ni yadda ake goge abu a kati. Ta ce, “Yaya, wace wata? Ke dai faɗi gaskiya.” Na ce ke dai ba ni amsa. Ta ce goge abu a kati ba ya nufin ya tafi, masu sani suna dawo da shi ko an yi formate an share katin kaf, sai dai a ƙona. Ta ce amma mai irin wannan aiki da wuya bai yi kopi ba, wani ma wayarsa da kanta take tura komai can sama inda ake ajiya, ko wayar ta faɗa rijiya abin yana nan. Ta ce kuma a gaya wa mai tambayar ta yi hankali, shiga kayan wayar mutum ba izini shi ma doka tana iya kama shi. Ni wannan sama ɗin ne ban gane ba. Da can in ka yi magana iska ta ɗauke, in an kai ƙara ka ce ba haka na ce ba, dattawa su sasanta. Yanzu magana ba ta ruɓewa, ba ta tsufa, gara ba ta cinta, sai ta zauna tana jiran ranar da za ta cinye mai ita. Mutum ya yi fushi na minti ɗaya da cikinsa ba komai, a ɗaure shi da shi shekara. Ni ba ruwana da siyasa, wanda duk Allah ya ba mulki Allah ya sa ya yi adalci, amma wannan wane irin zama ne, aboki ya zuba maka shayi da hannun dama, aljihunsa na saurarenka?

Na yi tunanin jefa katin Alhaji a murhu in ce ɓera ya ja ƙyallen. In ba shi da kopi, na ceci mutum ashirin da uku. In yana da shi, to na gaya masa da kaina cewa na ji, kuma wanda ya san an gane shi ba ya jira, na maigidana zai fara kaiwa. Na yi tunanin naɗe mataccen katina a ƙyallensa in ce zafi ya kashe shi, amma nasa baƙi ne nawa da ja a jiki, kuma shi ba yaro ba ne. Na yi tunanin kai wa mai gari, sai na tuna 'yar mai gari ce a ɗakin Alhaji. In na kunna wa dattawa kuwa, na tona asirin duk wanda ke ciki, magana ta fi yaɗuwa, ga masu sauran kati goma sha takwas za su ce ashe haka take mana. In kuma na mayar masa lafiya lau na yi shiru, na cika amana, amma da hannuna na miƙa igiyar da za a ɗaure uban 'ya'yana. Na san malamai sun ce bin diddigin sirrin mutane haramun ne, na yi, ina istigfari. To shi wanda ya ɗauka fa? Amana tana nan a kan abin da aka ajiye don a cuci mutane?

Shekaranjiya Alhaji ya bugo wa maigida, suka gaisa, sai ya ce a ba shi matarmu. Ya ce, “Ajiyata na nan dai ko?” Na ce tana nan. Ya ce, “Ba wanda ya taɓa?” Na ce wa zai taɓa. Sai na ji fiton hancinsa, sannan ya yi dariya ya ce muryata ta canza, ko mura nake. Ban sani ba ko kati yana nuna an buɗe shi, masu ilimin waya ku gaya mini wannan don girman Allah, kuma ku gaya mini ko akwai yadda ake sanin mutum yana da kopi.

Jibi motarsu za ta iso. Maigida ya sa an ɗaure zakara tun yau, ya ce in yi tuwo mai kyau, amininsa ya sha hanya, a nan zai ci. Zai wanke hannu, ya tsokane ni kamar yadda ya saba, sannan ya ce matarmu kawo ajiya, maigidana na zaune a gefensa. 'Yan uwa, in ke ce ko kai ne a tsaye da kwallar nan, ya miƙo hannu, me za ka sa masa a ciki?