Ƙorafi Kan Saran Mijina Saboda Tunkuzar Kwakwa

Daga: Abenlema Miezah,
Unguwar Bakin Tafki, Kanlazo, Ƙasar Nzema.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Gunduma.

Litinin, 7 ga Oktoba, 2019.

GAME DA: TARE HANYA, DUKAN MATA, SARAN KAKU MIEZAH DA KISAN DABBOBI A KANLAZO

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da matsayinka, ni mai suna a sama, matar Kaku Miezah, mai sana'ar man kwakwa da kiwon aladu, ina roƙon izinin gabatar da kukana kamar haka:

1. Mai girma ya san abin da muke ci da shi a nan. Mazanmu su fere kwakwa, mu kai inji a gurza, mu tace madarar mu dafa mai. Tunkuzar da ta rage bayan tata, da ruwan tsamin da ke kwantawa ƙarƙashin man, su ne abincin aladunmu, kaji kuma su tsinci saura. Dusar kanti ta fi ƙarfinmu. Tun zamanin iyayenmu, wadda ta kawo kwakwa ita ke da tunkuzarta, ba a taɓa jayayya a kan haka ba.

2. Injin gurza ɗaya ne a garin, mallakar Tanoe Erzoah. Wannan Tanoe ɗan ƙanwar mijina ne. Da uwarsa ta rasu a ɗakina ya girma, hannuna ne ya yi masa wanka, a tukunyata ya ci acheke, abincinmu na rogo, da kifi har ya yi gemu. Na ambaci haka ne don mai girma ya san ba baƙo nake ƙara ba. A watan Agusta, bayan ya gina babban garken aladu a bayan injin, ya sanar cewa duk wadda ta gurza a wurinsa dole ta tace a harabarsa, ta tafi da madara, ta bar masa tunkuza. Muka ƙi. Muka koma ɗaukar kwakwarmu a ka zuwa injin garin da ke gaba, ta hanyar bakin teku.

3. Ranar Alhamis, 12 ga Satumba, da hantsi, muna dawowa da kayanmu, ma'aikatansa suka tare mu a mashigar tafki riƙe da kulake da adduna. Babbansu, wani mai suna Bonzo, ya ce, "Iyaye mata, sannunku da dako. Ku sauke a nan, aladun maigida sun gode." Da Yaba Assuah, maƙwabciyata, ta ce masa in yunwa yake ji ya zo gida ta zuba masa a kwano ɗaya da nata aladun, sai ya kwaɗa mata kulki a baki. Haƙoranta na gaba suka zube a kan yashi. Suka kifar da kwanukanmu, suka tattake gurzajjiyar kwakwar da takalma. Ni aka shaƙe ni da ɗankwalina, aka ja ni a ƙasa har fatar gwiwoyina ta saɓule. Akwai mai tsohon ciki a cikinmu, ita ma ba a ƙyale ta ba.

4. Mun kai kuka wurin Nana, sarkin garinmu. Ya aika a kira Tanoe, bai zo ba. Ya sake aikawa, Tanoe ya ce wa ɗan aiken yana da aiki.

5. Ranar Talata, 24 ga Satumba, da rana tsaka, mijina ya tafi injin da kansa. Dattijo ne, ko sanda bai riƙe ba. A gaban mutane ya ce, "Tanoe, ni ne kawunka. Matar da yaranka suka ja a ƙasa ita ta goya ka. Me muka yi maka?" Tanoe bai ko tashi daga kan kujera ba. Ya ce, "Kawu, zamanin goyo ya wuce. Ka koma gida kafin rana ta taɓa maka kai." Mijina ya kama masa wuyan riga, wannan ban ɓoye ba. Nan take Bonzo ya kawo masa sara. Mijina ya kare da hannun dama, addar ta raba tafin, yatsu uku suka faɗi a kan buhunan tunkuza. Sara na biyu ya same shi a kafaɗa. Da ya faɗi suka ci gaba da shurinsa a ciki da haƙarƙari, Tanoe yana kallo. Da na iso na tarar jininsa ya jiƙa tunkuzar ta koma ja, kuma ina sanar da mai girma cewa ba a zubar da ita ba, da yamma aka juye wa aladun. Ni na tsince yatsun na ƙulle a bakin zanena, ina tsammanin likita zai iya mayar da su. Bai iya ba. Mutumin da tun yana saurayi yake hawan kwakwa yana fere ta, yau ni nake ba shi abinci a baki.

6. An kai rahoto wurin 'yan sanda, an kama Bonzo, amma kafin mijina ya farfaɗo a asibiti har Bonzo ya dawo gari yana yawo.

7. Ranar Lahadi, 29 ga Satumba, muna coci, aka shiga garkena. An sassare aladuna duka, har da uwar da ke gab da haihuwa, wadda aka farke wa ciki aka watsar da 'ya'yan a cikin kwamin abinci. Ko tsoka ɗaya ba a ɗauka ba. Yaba, da ke gida tana jinyar bakinta, ta ga Bonzo da mutum biyu suna wanke adduna a bakin tafki, kuma a shirye take ta faɗa a gaban kowa.

8. Abin da ya sa na gaggauta rubutowa shi ne bikin Kundum ya matso, samarinmu da ke aiki a birane sun fara dawowa. Ɗana Ndede ya iso jiya. Ya kwance ƙyallen hannun ubansa ya duba, ya fita bayan ɗaki ya zauna yana wasa adda a kan dutse. Na ce, "Ndede, me za ka yanka?" Ya ce, "Iya, kwakwa zan fere wa Baba." Babu kwakwa ko ɗaya a gidan. Da ya shiga wanka na ɗauke addar na kai gidan fasto, amma ba ni da ikon kwashe addunan garin nan gaba ɗaya.

Saboda haka nake roƙon mai girma, cikin ƙanƙan da kai, da ya sa a kama Tanoe Erzoah da Bonzo da abokan aikinsu a gurfanar da su gaban shari'a. A turo jami'an tsaro su zauna a Kanlazo kafin a fara kiɗan biki. A buɗe mana hanyar bakin teku. A kuma tabbatar a rubuce cewa tunkuza ta mai kwakwa ce. Ina neman a kama Tanoe da ransa, ranka ya daɗe, domin shi da Ndede su biyun ni na raine su, kuma ba na so in binne ɗaya in riƙa kai wa ɗaya abinci gidan yari.

Allah ya ƙara wa mai girma lafiya da adalci. Ina jiran amsarka cikin ladabi da biyayya.

Taka mai biyayya,

Abenlema Miezah
(a madadina da mijina, wanda ba shi da hannun sa hannu)