Bangon Kicinmu da Ƙarfen da Ba a Sa Ba

Zuwa ga:
Mai girma Shugaban Sashen Duba Gine-gine,
Ofishin Kula da Gidaje.

Daga:
Matar marigayi magini,
Gida mai lamba 27, layi na uku bayan tankin ruwa.

Laraba, 14 ga watan Mayu, 2025.

Game da: Rushe bangon kicin a gidanmu ba tare da an sa ƙarfen da zai ɗauki bene ba, da roƙon a hana cire ƙarafan tokare ranar Litinin 19 ga wannan wata.

Ranka ya daɗe,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina kuma neman afuwa kan rubutuna, domin karatuna bai wuce aji huɗu ba. Ban ajiye takardar komai ba. Abin da zan faɗa daga kaina yake, kwanakin kuma da kalandar bango na lissafa su.

Ranar Talata 4 ga watan Fabrairu, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ina tsugune a baranda ina wanke kwanuka a bokiti, sai abokin aikin maigidana ya yi sallama riƙe da jakar kayan aikinsa. Da na ga jaka ban ga mai jaka ba, na san abin da ya kawo shi. Ya ce maigidana yana cikin nuna wa leburori inda za a zuba yashi ya dafe ƙirji ya zauna, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Allah ya jiƙansa. Shekararmu talatin da ɗaya tare.

Abin da ya sa nake wanke-wanke a baranda shi ne, mako uku kafin ranar maigidana ya fara gyara mini kicin. Maƙwabta sun daɗe suna yi mini tsiya, wai matar magini ce mai kicin kamar ramin ɓera, in na shiga da tukunya sai na fito da baya. Ya yi niyyar cire bangon da ke tsakanin kicin da sito a haɗe su. Ya cire famfo da kantoci, ya kai firji falo, ya rataya leda a ƙofa saboda ƙura. Haka masu ta'aziyya suka same mu, suna zaune tsakanin buhunan siminti.

Wannan bango ba bangon raba ɗaki kawai ba ne, ranka ya daɗe. Maigidana da hannunsa ya gina gidan. Ya sha faɗa mini cewa wannan bangon shi ne uban gida, shi ke ɗauke da benen. A samansa daidai akwai ɗakin jikokina uku, domin 'yata da mijinta a sama suke zaune. Saboda haka ya sayo dogon ƙarfe, wanda su magina ke kira bim, sai da mutum shida suka shigo da shi tsakar gida, aka rufe shi da tampol. Ya kafa ƙarafan tokare guda shida a ƙarƙashin benen. Ya bayyana mini yadda aikin zai tafi, don ni nake riƙe masa bakin tef in yana awo: a tokare bene, a gina ginshiƙi biyu, a ɗora ƙarfen a kansu, a cike tsakaninsa da bene, a bar shi mako huɗu, sannan a sauke bango, sannan a cire tokare. Bai rubuta ba. A kansa yake ajiye aiki, ya kuwa tafi da kansa.

Bayan rasuwar, surukina ya ga ina girki a kan ƙaramin gas a baranda, ya ji tausayina, ya kawo wani ɗan kwangila abokinsa ya ƙarasa aikin. Ina so a rubuta cewa ba ni da ƙorafi a kan surukina. Direba ne, bai san gini ba, alheri ya yi nufi. Ƙorafina ga shi kamar haka.

1. Ranar Litinin 7 ga watan Afrilu ɗan kwangila ya fara aiki. A ranar na ɗage masa tampol na nuna masa ƙarfen, na faɗa masa tsarin marigayi tiryan-tiryan. Ya yi dariya ya ce wannan ai ƙarfen gada ne, aikin tsofaffi ke nan, komai sai sun yi shi kamar za a ɗora jirgin ƙasa. Ya ce shigar da shi kicin sai an fasa taga, wahala ce ta banza. Ya ce, “Mama, ke dai ki zaɓi kalar tayil, ki bar mana ginin.” Daga ranar leburorinsa suka sa mini suna Injiniya. In na leƙo sai su ce a gyara tsayuwa, Injiniya ta iso. Ban damu da sunan ba. Na kai musu ruwan sanyi kullum.

2. Ranar Alhamis 17 ga watan Afrilu na je asibiti a duba mini hawan jini. Na bar bango a tsaye. Na dawo bayan azahar na tarar da shi tarin bulo a tsakar gida, ƙarfen yana nan kwance a ƙarƙashin tampol ko motsa shi ba a yi ba. A wurin da ya kamata ya zauna sun kafa katako sun zuba siririn kankare. Na leƙa tarkacen rodin da suka yanka, bai kai kaurin ɗan yatsana ba. Ba su gina ginshiƙi ko ɗaya ba. Na zauna a kan bulo. Ɗan kwangila ya ce ai ya zaɓi ranar ne don kada ƙarar guduma ta dame ni.

3. Ranar Talata 29 ga watan Afrilu ma'aikacin ofishinku ya zo dubawa. Ban san sunansa ba, dogo ne mai tabarau, da farar mota. Na yi murna da zuwansa, na sa mayafi na tsaya a baranda ina jira. Ya tsaya a bakin ƙofar kicin, ya ɗaga ledar da biro saboda kada ƙura ta taɓa rigarsa, ya leƙa. Bai shiga ba. Bai hau sama ba. Na ce Yallaɓai, don Allah ka zo ka ga wani ƙarfe a tsakar gida. Ɗan kwangila ya matsa kusa da shi ya yi magana ƙasa-ƙasa, amma na ji. Ya ce maigidanta ne ya rasu kwanan nan, har yanzu ba ta dawo daidai ba. Ma'aikacinku ya yi mini ta'aziyya cikin ladabi, ya ce in yi haƙuri, in riƙa samun hutu. Ya ɗora takarda a kan mota ya sa hannu. Ruwan da na ɗora masa na shayi bai tafasa ba ya tafi.

Gaskiya ne ban dawo daidai ba, ranka ya daɗe. Har yau nakan ɗauko kofi biyu. Amma rashin miji bai makantar da ni ba.

4. Washegari na ga tsaga a bangon ɗakin jikokina, ta taso daga ƙasa kusa da ƙofa ta karkata sama, siririya kamar gashi. Wata kuma a kusurwar kicin. Ɗan kwangila ya ce filasta ce ke shan iska, kowane gida yana yi. Maigidana yana da yadda yake gane tsagar da ta mutu da wadda ke tafiya. Yakan yanko siririn gilashi kamar tsawon yatsa, ya gicciya shi a kan tsagar, ya manne bakinsa biyu da siminti, ya rubuta kwanan wata a gefe da fensir. In bango ya tsaya, gilashi zai shekara lafiya. In bango yana motsi, gilashi ba ya lanƙwasa, sai ya fashe. Yakan ce mutum zai yi maka ƙarya, gilashi bai iya ba. Na gan shi ya yi haka a gidajen mutane ba sau ɗaya ba. Na buɗe jakarsa, wadda ban taɓa ba tun ranar da aka kawo ta, na ɗauko abin yankan gilashi. Na yanko guda uku daga tsohuwar tagar kicin. Na manna biyu a sama, ɗaya a kusurwar kicin, ranar Laraba 30 ga watan Afrilu.

5. Ranar Litinin 5 ga watan Mayu ɗan kwangila ya kwance tokare biyu ya loda a mota, ya ce ana buƙatarsu a wani aiki. Da safiyar Talata gilashi na farko ya rabe biyu. Na nuna masa, ya ce yara ne suka buge shi da ƙwallo. Ranar Asabar 10 ga wata ya sake kwance ɗaya, wai yana tare wa mai tayil hanya. Ranar Lahadi da hantsi ina shara a ɗakin yaran, ba kowa sai ni, na ji ƙas a bayana. Gilashi na biyu ne. Babu ƙwallo, babu yaro. Tsagar da ta fara kamar gashi, yau ana tura tsinken ashana a cikinta. Ƙofar ɗakin da jikata 'yar shekara huɗu take buɗewa da kanta, yanzu sai babanta ya sa kafaɗa, kuma ya ce damshi ne ya kumbura katakon. Tokare uku suka rage. Gilashi ɗaya ya rage.

6. Jiya Talata ɗan kwangila ya sanar da mu cewa ranar Litinin 19 ga wata zai kwance sauran ukun, ya shafe tsagar da filasta, ya rufe sama da silin, ranar Laraba a fara kafa kantoci. Ya ce ofishinku ya riga ya sa hannu, magana ta ƙare. In aka rufe da silin, ba wanda zai sake ganin abin da ke ciki, har ni.

Ranka ya daɗe, ina jin tsoro. Ban san kalmar ofis da ake faɗin wannan da ita ba. Yara in sun dawo daga makaranta tsalle suke yi a kan gado, haka yara suke. Kowane tsalle, garin siminti yana zubowa a kicin kamar ana tankaɗe. Nakan tsaya a ƙasan matakala in yi ta kiransu da sunan zan ba su alewa, har uwarsu ta ce zan ɓata musu haƙori. Na roƙi 'yata ta mayar da gadajensu falo, ta mayar, ta ce wa mijinta fenti za a yi. Amma hanyar banɗaki ta nan take, kayan makarantarsu a nan suke. Ita ma tana tsaka mai wuya. Ta ce, “Mama, abokinsa ne tun suna yara, kada ki kunyata shi a idon mutane.” Ban taɓa ɗaga murya a gaban surukina ba, kunyarsa nake ji kamar yadda ya kamata. Na san wannan takarda za ta ɓata masa rai, wataƙila ya daina gaishe ni da safe. Na auna, na ga gara ya yi fushi da ni yana da 'ya'yansa uku.

Ba sabon kicin nake kuka a kai ba. Wata huɗu ke nan ina girki a baranda, ina wanke kwano a bokiti, ƙura a cikin shinkafa, ƙura a cikin gado. Zan iya shekara a haka. Ramin ɓeran ma da za a mayar mini da shi da na karɓa da hannu biyu.

Saboda haka ina roƙon mai girma Shugaba, da girman Allah da girman kujerarsa:

A aiko wa ɗan kwangila umarni a rubuce, kafin safiyar Litinin 19 ga wata, cewa kada ya taɓa tokare ukun da suka rage, ya kuma mayar da ukun da ya ɗauka.

A turo injiniya na gaske, wanda zai shiga kicin ko da rigarsa za ta yi ƙura, ya hau sama, ya tura ƙofar da hannunsa, ya ga tsagar, ya ɗage tampol ya ga ƙarfen.

A dakatar da takardar da aka sa wa hannu ranar 29 ga watan Afrilu har sai an yi wannan dubawa. Ba na neman a hukunta ma'aikacinku. An faɗa masa magana ne ya yarda.

In injiniya ya duba ya ce ni ce ban fahimta ba, zan ba ɗan kwangila haƙuri a gaban leburorinsa, su ci gaba da kirana Injiniya har in mutu. In kuwa ya ce marigayi ne da gaskiya, a sa a ɗora ƙarfen yadda ya tsara. An riga an saya, yana nan, mutum shida kawai yake jira.

Na naɗe gutsattsarin gilashi biyun a cikin takarda na haɗa da wannan wasiƙa. A yi hankali wajen buɗewa, suna yanka. Ina gida kullum, ba na zuwa ko'ina. Zan kuma zo ofishinku ranar Juma'a da safe in zauna a benci har a ba ni amsa, ba don rashin kunya ba, sai don daga Juma'a babu wata ranar aiki kafin Litinin.

Kowace safiya, kafin in kunna gas, kafin yara su tashi, nakan ɗage ledar in shiga kicin in tsaya tsakanin tokaren. Nakan shafa gilashi na uku da ɗan yatsa daga wannan baki zuwa wancan, don idona ba ya gani sosai. In na ji shi sumul, sai in ɗauko fensirin maigidana, wanda ya fiƙe da wuƙa da hannunsa, in ja ɗan layi a bango. Yau na ja na goma sha huɗu. Fensirin ya kusa ƙarewa, ban kuma fiƙe shi ba.

Allah ya ƙara wa mai girma Shugaba lafiya, ya sa takardata ta iso hannunsa a kan lokaci.

Taka cikin ladabi da biyayya,

(sa hannu)
Matar marigayi magini,
kakar yara uku da ke saman kicin,
gida mai lamba 27.