Fankarku Ta Rufe Mini Ƙofofin Gidaje

Zuwa ga Manajan kamfanin da ke harhaɗa fanka mai caji,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ranka ya daɗe, da fatan iyali da ma'aikata suna lafiya. Ni ce Talatu dillaliya, daga wani ƙauye a ƙasar Kunci. Ban san sunanka ba, shi ya sa na rubuta a fili, kowa ya karanta har ta iso gare ka.

Sana'ata sautu ce. Matan da ba sa fita ke ba ni kuɗinsu, in hau mota zuwa Ɗambatta ko Kano in sayo musu abin da suke so. Ba ni da shago. Jarina kaɗai shi ne in yi sallama a zaure, maigida ya ce in shiga. Tun ina goyon ɗan farina nake wannan aiki, ga shi yau shi ma ya tara iyali.

Da bazarar nan, a wannan marra da mudun gero ke gagarar magidanci, Binta matar Malam Sale ta sayar da tunkiyarta don ta saya wa jaririnta fanka, ƙurajen zafi sun hana shi barci. Na sayo mata taku, sabuwa dal, kwali a liƙe. Ban buɗe ba, domin a wajenmu mai kaya ita ke fasa kwalinta da hannunta. A tsakar gidansu aka buɗe, a gaban kowa. Ga abin da muka gani.

Na farko, dogon ƙarce a wuyanta, kamar an ja ta a kan tsakuwa.

Na biyu, fentin gindinta ya ɗaye, ragar gaba fara sol, ta baya ta yi dishi-dishi. Tambarinku ma a karkace kuka manna shi.

Na uku, kuma shi ya fi ba ni haushi: dab da ƙarcen akwai ƴar takarda koriya, wai alamar an duba kafin ta fito. Wa ya duba? In da ido ya duba, don Allah a kai shi asibiti.

Malam Sale ya jujjuya ta, ya ce ta hannu ce, gwanjo na sayo na cusa a sabon kwali na ci rara. Nan take ya hana ni shiga gidansa. Gidajen ƙauyenmu a manne suke da juna, kafin kasuwa ta zagayo magana ta gama gari. Yanzu in na yi sallama sai a leƙo a ce mini matar gidan ba ta nan. Matar da ba ta fita! Ina dariya a ƙofa, amma wallahi in na koma ɗaki kuka nake yi.

Na koma shagon da na sayo ta. Mai shago ya kunna ta, ta juya, ya ce ai tana aiki, kamfani ba ya karɓar kaya saboda ƙarce, wannan maganar kwalliya ce kawai. Don ya kwantar mini da hankali ya buɗe wasu kwalayen, sai ga kowacce da nata tabon. Ashe ba tsautsayi ba ne, halinku ne.

Ranka ya daɗe, mu ba mu san cikin inji ba. Fuskar kaya ita ce shaidarmu, da ita muke rarrabe sabo da tsoho, mai amana da macuci. Rediyon da marigayi maigidana ya bari yana nan a ɗakina, ko harafi ɗaya bai goge ba. Masu yin sa sun ji kunyar mai saye. Ku kuwa kun ga talauci ya rufe mana baki, kun ɗauka har ido ya rufe mana.

Ba sabuwar fanka nake nema ba. Na mayar wa Binta kuɗinta, taku tana hannuna. Abin da nake nema shi ne ka turo mutuminka ya tsaya a zauren Malam Sale, a gaban mai unguwa, ya faɗa da bakinsa cewa haka take fitowa daga wajenku. Sannan duk mai tabo ku rubuta a bayan kwali, mai so ya saya da saninsa.

An ba ni shawara in nemi liman ya raka ni wurin Malam Sale ba da haƙuri. Ba zan je ba. Ban ci na kowa ba, ba kuma zan durƙusa a kan laifinku ba. Kafin mutuminka ya zo, fankar tana kaina, duk gidan suna da gidan biki da ya rage mini sai na sauke ta na nuna wa mata, tabo bayan tabo. Na iya talla, ka tambaya.

Allah ya ba ka ma'aikata masu ido da tsoron Allah, ya sa albarka a kasuwarka. Ya kuma tsare ka daga ranar da za ka yi sallama a ƙofar da ka saba shiga, ka ji motsin mutane a ciki, a ƙi amsa maka.

Wassalam, daga wadda ke jiran mutuminka,
Talatu dillaliya.