Motar da Ta Ƙi Tashi

Zuwa ga yayana, Hamma Adamu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ƙanwa ke yi wa babban wanta, ina fatan ka tarar da masauki mai sanyi. Yau kwana arba'in da aka kai ka makwancinka a Azare. An yi sadaka, an watse, an mayar da tabarmin aro. 'Ya'yanka sun roƙe ni in rubuta wani abu a kanka, tunda ni ce 'yar bokon gidan, wadda ka yi wa hanya har jami'a. Na amsa musu. Ga shi na rubuta, ko da yake ba zan rantse cewa irin wanda suka sa rai ba ne.

Maganar mota ce, Hamma. Ka san wadda nake nufi.

Saboda yaran da za su leƙa takardar nan, bari in maimaita abin da kai ka sani. Da Baba ya rasu a rugarmu ta wajen Itas, rabona shanu talatin ne. Naka rabon, fataucin fatu ya cinye shi cikin shekara biyu. Maigidana direba ne, yana tuƙa motar wani. Ya lallashe ni, aka kaɗa shanuna kasuwa, aka sayo tsohuwar babbar mota mai bodin katako daga hannun wani Balarabe mai sayen gyaɗa a Kano. Zamanin Turawa ne, saura 'yan shekaru su tafi, kuma motocin da ke Azare duka ba su cika yatsun hannu biyu ba.

Ban taɓa shiga motar nan ba tana tawa. Da kunne na san ta. A bayan katangar ɗakina ake ajiye ta, gindin tsamiya. Da asuba sai in ji an zura handil, ƙarfen tayar da inji, an murza sau ɗaya, ta yi tari biyu ta kama. Idan tana dawowa daga Kano kuwa, tun tana bakin gari nake ɗora ruwan tuwo.

Sanƙarau ya ɗauke maigidana ana gab da faɗuwar damina. Alƙali ya ji shaidu, ya ce motar tawa ce tunda shanuna suka saye ta. Ina da shekara goma sha tara, ina cikin takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita, ba magana da baƙon namiji. Wa zan wakilta in ba kai ba? Kai ne ka goya ni muka ƙetare kogi ranar da ruwa ya ci rugarmu, kana ce mini in riƙe kunnuwanka kamar na ɗan maraƙi.

Ba a yi sati biyu ba wani Babarbare ya zo daga Nguru. Ya zaga motar, ya sa aka tayar da ita, ta tashi a murzawa ɗaya kamar yadda ta saba. Ya taya fam ɗari huɗu ba ashirin. Ka shigo ka tsuguna a bakin ƙofata ka ce, "Dije, mai tayin farko ɗan leƙen asiri ne. Wa ya taɓa sallama ragonsa wata huɗu kafin layya? Ce albarka." Na ce albarka. Mutumin ya ƙara goma, ka sake shigowa, na sake cewa albarka. Ina jin sa ta bayan katanga yana cewa, "Malam, gaya wa mai ɗakin nan ƙarfe ba ya kiwo." Ka yi dariya, ni ma na yi murmushi a cikin lulluɓina. Na ɗauka baƙin cikin wanda ya rasa ciniki ne.

A nan ka kama ni, kuma sai da na tsufa na yaba da gwanintar. Ni 'yar makiyaya ce. Abin da na sani shi ne, dabbar da aka ɗaure aka yi haƙuri da ita ƙiba take yi, kuɗinta ya hau. Ban san mota idan ta tsaya rubewa take yi ba. Kai ka sani, ka yi shekara uku kana bin maigidana Kano a gidan gaba na mota.

Damina ta sauka, hanyoyi suka rufe. Ruwa ya jiƙa katakon, kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin ƙwai. Daga nan masu tayi suka fara zuwa, ɗaya bayan ɗaya, kamar an tsara su. Ashe an tsara su ɗin ne.

Kowane ya zo, abu ɗaya nake ji. A zura handil. A murza, a murza, a murza. Mai murzawa ya yi nishi, ya tofar da yawu, wani ya karɓa. Motar ta yi wani gurnani kamar tsohuwar saniya da ta faɗa rijiya, ta yi shiru. Sai muryarka ta biyo baya, a sarari, har da ɗan ɗagawa: "Ni ba na ɓoye aibi. Ubanmu ya hore mu, in za ka sayar da saniya, faɗi cutarta kafin mai saye ya tambaya." Sai ka shiga lissafo su. Batir ya mutu, inji yana shan mai, ƙafar baya ta tsage, gara ta fara cin bodi.

Ina zaune a kan tabarma da carbi a hannu, ina alfahari da kai. Har na ce wa Inna, "Samun mai gaskiya irin Hamma sai an tona." Ban tambayi kaina ba, don me mai faɗa wa mai saye aibi yake juyo da bakinsa wajen katangata.

Na biyu ya taya ɗari uku. Na uku, ɗari biyu da hamsin. Na huɗu ya ce shi tayoyin kawai yake so. Duk wanda ya zo sai ya kasa na gabansa, kai kuma ka shigo kana girgiza kai, ka ciro goro daga aljihu ka ɓare, ka ajiye mini rabi a bakin ƙofa.

Da gyaɗa ta fara nuna, sai karatun ya juya. Mutumin da ya ce in jira layya shi ne ya zo yana cewa, "Dije, abin nan ya zama gawa. Gawa kuwa ba a ja mata rai." Ka ce Allah ya kawo wani bawansa daga Dagauda, Malam Bukar, yana son ta don tausayin marainiya, ya taya ɗari da arba'in. Ka ce ka yi ta fama da shi tun hantsi har ya cika ɗari da hamsin. Har da zufa a goshinka. Saura kwana tara in fita takaba, saura mako biyu a buɗe cinikin gyaɗa, lokacin da ko amalanke sai an yi layi a kanta. Na ce, "Na sallama." Ka ce, "Allah ya sa mu amfana." Na ce amin. Kai kam addu'arka ta karɓu.

Ka ƙi karɓar la'ada. Ka ce wa zai ci la'ada a kan ƙanwarsa.

Washegari da hantsi na ji an zura handil. Murzawa ɗaya. Tari biyu. Ta kama.

Na san muryar nan kamar yadda na san ta Inna. Na miƙe tsaye ban sani ba, hannuna har ya kai kan tukunyar ruwan tuwo. Sannan na zauna na gaya wa kaina cewa ƙarfe ma yana da rabo, wataƙila hannun sabon mai ita ne ya karɓe ta. Na yi shekaru ina koya wa ɗalibai yadda ake tuhumar hujja, amma ban taɓa komawa kan wannan safiyar ba. Wanda ya goya ka a cikin ruwa, ba ka bincika aljihunsa.

Sauran labarin duk Azare ta sani, don ni na yi ta ba da shi. Ka ce Malam Bukar ya ɗauke ka kana kula masa da mota. Kaka biyu ka yi rufin kwano. Da baffanninmu suka taru za su mayar da ni ɗakin wani, kai ka tsaya ka ce Dije makaranta za ta koma, ko me za a ce a ce. Ka kai ni makarantar horon malamai mata a Kano, a gidan gaba na motar nan, an yi mata sabon koren fenti, kana tambayata ko kujerar ta yi mini daɗi. Ka saya mini akwatin ƙarfe da takalma. Kowane hutu da guzurinka. Ranar da na gama jami'a, a gaban jama'a na ce duk abin da na zama, bayan Allah, Hamma ne. Ka sunkuyar da kai. Na ɗauka kunya ce irin tamu.

Shekarar da za ka Makka, ka zo gidana sallama kamar yadda maniyyata ke zagawa. Ka zauna a bakin ƙofa, irin zaman nan naka, ka ce, "Dije, ki yafe mini abin da na yi miki, wanda kika sani da wanda ba ki sani ba." Na yi dariya na ce, "Me ka taɓa yi mini in ba alheri ba? Na yafe duniya da lahira." Ka ce, "Kin sallama?" cikin wasa. Na ce na sallama.

Sau biyu ke nan ka yi ciniki da ni ta bayan katanga.

Ran sadakar bakwai ɗinka, bayan mutane sun ragu, aka ce wani tsoho yana sallama da ni. Malam Bukar ne, jikarsa na jan sandarsa, idanun sun tafi. Ban taɓa ganinsa ba sai ran nan. Bai yi dogon gaisuwa ba. Ya ce, "Hajiya, ni ban taɓa mallakar mota ba. Jaki ma sai na ara. Riga yayanki ya ɗinka mini, ya ce in zo in tsaya in ce ɗari da arba'in. Shi ya sayi motar da sunana." Ya ce sauran masu tayin ma abokan hirarka ne na tasha. Ya ce akwai wani ɗan abu a cikin injin, bai fi goro ɗaya girma ba, in an cire shi ko ingarma ne ya murza ba za ta tashi ba. Tun ranar da Babarbaren nan ya juya baya ka cire shi. Kusan wata huɗu yana aljihunka.

Aljihun da kake ciro mini goro.

Tsohon ya ce ya yi maka alkawarin shiru muddin kana da rai, ga shi ya cika, shi kuma ba ya so ya bi ka da kayan wani a kansa. Ya faɗi laifinsa da sunansa, bai rage ba, bai yi masa fenti ba. Na yafe masa nan take, kuma ban ji nauyin yin haka ba. Mai faɗin aibi, ciniki da shi ba wuya. Ubanmu ya hore mu, in ji ka.

Na tambayi wani malami, ban ambaci suna ba. Na ce, cinikin da aka ɓoye gaskiyarsa, yana ɗauruwa? Ya ce mai kaya yana da ikon warwarewa ranar da ya gane. Na ce, to yafiyar da aka karɓa a dunƙule, ba a buɗe ba? Ya daɗe yana shafa gemu, ya ce malamai sun yi saɓani, amma yafiya ta fi. Haka suke cewa kullum idan ba shanunsu ba ne.

Don haka zan yi maka abin da ka kasa yi wa kanka, in kira kayan da sunansu. Shanu talatin, na yafe. Motar da duk gyaɗar da ta ɗauka, na yafe, ai wani abu daga ciki ya dawo mini a akwatin ƙarfe. Ɗan abin aljihunka da masu tayin haya, na yafe, har ina jinjina wa dabarar. Kada 'ya'yanka su tsorata, ba na neman ko kwano ɗaya daga rufin gidansu.

Saura abu guda, kuma shi ne ya hana ni barin alƙalami. Ka zauna shekara talatin kana karɓar godiyata. Ban san ko mutumin da ya tsaya mini a gaban baffanni yayana ne mai ƙaunata, ko mai laifi ne yana rage kaya. Wataƙila kai ma ba ka sani ba. Da ka faɗa mini, ko a bakin ƙofar nan ranar sallamar Makka, da na yi fushi wata guda, na yi kuka, na dawo na ci gaba da zama ƙanwarka da idona a buɗe. Ka hana ni wannan. Yanzu ko goyon da ka yi mini a kogi, sai na tsinci kaina ina juya shi ina duba ƙarƙashinsa, kamar mai sayen tsohuwar mota. Kuma duk da haka, jiya da aka dama fura mai yawan nono, sai da na ce a ajiye wa Hamma.

Wannan ɗayan ban sallama ba, ban kuma ce na hana ba. Na ajiye shi a gindin tsamiya sai ka zo da bakinka. Kai ka koya mini jira.

Allah ya jiƙanka, Hamma. Ya yalwata maka kabari, ya sanyaya shi, kada ya kama ka da abin da na riga na saki. Ya raya zuriyarka a kan faɗin gaskiya tun kafin a tambaya. In tawa ta zo, ya sada mu a inda babu katanga tsakaninmu, in ga fuskarka lokacin da kake magana.

Ƙanwarka,
Dije