Umarni Biyu Kacal

Daren Talata, Sheme.

Tun zuwan Injiniya Halima, umarni biyu kawai babbar kwamfutar ƙungiyarmu ta manoma da ke Ƙanƙara ke karɓa daga tawa ta nan Sheme: duba sunayen manoma da ƙara sabo. Ni na kafa tsarin nan, amma ita shugaba ke yabo, ni an mayar da ni magatakarda.

Yau garin gyara suna ɗaya, hannuna ya kuskure na buga umarnin goge rajistar masu karɓar iri gaba ɗaya. Babbar kwamfutar ta ƙi, saboda shingen da Halima ta sa.

Sai ga wayarta: "Baba, lafiya? Na ga an nemi gogewa."

Na ce, "Shingen naki nake gwadawa."

Har godiya ta yi mini. Da ma zagina ta yi, da tuni na yi barci; godiyar nan ce ta hana ni runtsawa.