Muryar Baba ta maƙale a kwamfuta

Shagari, ranar Lahadi.

Zuwa ga Yaya Nafi'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da iyali kuna lafiya a can Fatakwal, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan alhamdu lillahi, an kwashe albasa, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi. Sai dai ni hankalina a tashe yake.

Ka san karatun da Baba, Allah ya jiƙansa, ya riƙa ɗauka da muryarsa yana ajiyewa a akwatinsa na intanet. Tunda bai taɓa fita daga akwatin ba, da na buɗe burauza, manhajar hawa intanet, a kwamfutarsa sai ga shi, ba a tambayar kalmar sirri. Kullum bayan la'asar nakan kunna wa Inna, ta zauna bakin tabarma tana amsa masa da "na'am, Malam". To, makon jiya Kawu Ɗantani ya zo gaisuwa, ina kicin, saƙo ya fito wai kwamfutar ba ta da lafiya, a latsa a yi mata magani. Ka san Kawu da tausayi, ko akuya ta yi tari sai ya nemo mata jiƙo. Ya latsa. Ashe maganin shi ne cutar! Tun ranar, duk shafin da na nema sai burauza ta ce ba ta samu hanya ba, alhali data na nan, waya ma tana hawa lafiya lau.

Na kai ta Boɗinga wurin Ja'afar mai gyara. Ya ce muguwar manhaja ce ta karkatar da hanyar burauzar. Ya cire ta, ya maido da hanyar, muna sake kunnawa ta dawo kamar ƙaiƙayi. Ya ce abin ya yi saiwa, sai an wanke kwamfutar tas, kuma in an wanke za ta manta Baba, ba a sake shiga akwatin sai da kalmar sirri ko layin wayarsa. Layin kuwa, ka tuna ranar rabon gado wayar Baba ta faɗa rabon ɗan'uwanmu Badaru, ya cire shi ya yar ya sa nasa. Na kira lambar, wata mata ce ta ɗauka da Yarbanci.

Yaya, don Allah, Baba bai taɓa faɗa maka kalmar ba? Na san da wuya, mutumin da ko makullin rumbu a wuyansa yake kwana. Wallahi na karaya. An ce haƙuri maganin zaman duniya, amma ban san yadda zan faɗa wa Inna ba. Ce mata nake babu sabis. Jiya ta shimfiɗa tabarmarta ta jira har magariba, sannan ta ce in bar shi ya huta, Malam bai taɓa saɓa mata lokaci ba, gobe zai yi.

Ka gaida Anti Mansura da ɗiyanka, Samira da Bashiru. Inna na sa muku albarka.

Ƙanwarka,
Hadizatu